Yadda Aka Gyara Kumbon Voyager 1 Daga Doron Ƙasa

A ranar 5 ga Satumba, 1977, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta harba kumbon Voyager 1 domin ya leƙo duniyoyin Mushtari da Zuhal. Ya kammala wannan aiki a 1980, sannan ya ci gaba da lulawa.

Shekara 46 bayan tashinsa, a watan Nuwamba na 2023, sai saƙonnin da yake aikowa suka rikiɗe suka koma shirme. Yana jin umarni, yana kuma bi, amma babu mai gane abin da yake faɗi. A lokacin ya yi nisan fiye da kilomita biliyan 24, don haka zancen tura makaniki ma bai taso ba. Saƙon rediyo kan ɗauki awa 22 da rabi kafin ya isa gare shi, amsa kuma ta ɗauki kamar haka. Ke nan kowace tambaya sai an jira kusan kwana biyu. Ga shi da yawa daga waɗanda suka ƙera kumbon sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya, dole injiniyoyin cibiyar JPL da ke Kalifoniya suka koma tonon tsofaffin takardu.

A watan Maris na 2024 suka aika wani umarni na gwaji, kumbon ya turo kwafin duk abin da ke cikin ma'adanar ɗaya daga kwamfutocinsa uku. A nan aka gano cutar: wani ɗan ƙaramin ɓangare ne ya mutu, ya tafi da kimanin kashi 3 cikin 100 na ma'adanar.

Abin da ya mutu ba ya sauyuwa daga nesa, sai dai a kewaye shi. Amma babu wani gurbi guda da zai ɗauki umarnonin da ke wurin gaba ɗaya. Dabarar da suka yi, wadda ita ce ta fi ban sha'awa a tarihin nan, ita ce su daddatsa umarnonin, su cusa kowane yanki inda aka sami sarari, su kuma gyara kowane layi da ke nuni zuwa tsohon wurin. Suka aika gyaran farko ranar 18 ga Afrilu, ranar 20 kuma amsa mai ma'ana ta iso. Zuwa watan Yuni na'urorin bincike huɗu duk sun dawo aiki.

Ƙarancin lantarki kuwa ba shi da irin wannan magani. A Fabrairun 2025 aka kashe ɗaya daga na'urorin don a yi tsimin wuta.