Wanka da Iyo a Birnin Alƙahira

Masu sauraronmu da ke koyon Ingilishi sukan yi tuntuɓe da kalmar nan bathe. In Ba'amurke ya faɗe ta, galibi wanka yake nufi; a bakin Baturen Ingila kuwa, shiga teku ko kogi ne don iyo. Ma'ana ta biyun ta yi ƙarfi ne bayan 1750, sa'ad da likita Richard Russell ya wallafa littafi yana cewa ruwan teku magani ne.

Larabcin Alƙahira ma ya gama su wuri guda: hammam shi ne gidan wanka, wurin iyo kuwa hammam sibaha. Gidajen wankan birnin fa tsofaffi ne ƙwarai. Na Amir Bashtak an gina shi a 1341, na Sultan Inal a 1456. Edward Lane, wanda ya zauna can, ya rubuta a littafinsa na 1836 cewa sun kai sittin zuwa saba'in, kuma in aka rataya ƙyalle a ƙofa, to, lokacin mata ne, namiji ba ya kusanta.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne murhun. Da sharar gari ake hura wutar dafa ruwan, a cikin tokar kuma a binne tukwanen wake su kwana suna dahuwa, watau karin kumallon talakawa. Da famfo ya shiga gidaje sai aka yi ta rufe su, 'yan kaɗan ne suka saura.