Kasuwar na'urar Wi-Fi: Ina matsayin Jega da Aliero da Maiyama?

Na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, wani ɗan akwati ne da ke karɓar intanet daga kamfanin sadarwa, sannan ya raba shi ga wayoyin salula da kwamfutocin da ke cikin gida ko shago, ba tare da an ja waya ba.

Fasahar da take amfani da ita ta samo asali ne daga wata ƙa'ida da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997. A 1999 aka raɗa mata suna Wi-Fi. Tun daga lokacin ake ta inganta ta: Wi-Fi 6 ta fito a 2019, Wi-Fi 7 kuma a 2024.

Kasuwar duniya

Cikin manyan kamfanonin da ke ƙera na'urar akwai Huawei da ZTE da TP-Link, waɗanda aka kafa a China, da kuma Netgear na Amurka. Bukatarta ta ƙaru a 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa miliyoyin jama'a yin aiki da karatu daga gida.

A Turai da Amurka akasarin gidaje sun riga sun mallake ta, don haka yawancin cinikin na sauya tsohuwa da sabuwa ne. Sababbin masu saye suna Afirka da kudancin Asiya, a garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi.

Halin da ake ciki a Kebbi

Akwai bukatar. Jega cibiyar kasuwanci ce da ta daɗe. Aliero ta yi suna wajen noman albasa, kuma nan ne mazaunin jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar, wadda aka kafa a 2006. Ɗan Maiyama da ke neman gurbin karatu a jami'a kuwa, ba makawa sai ya bi ta kwamfuta, domin tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda.

Sai dai a ƙasashe masu arziki, wayar ƙarƙashin ƙasa ce ke kai intanet har cikin gida. A waɗannan garuruwa kuwa, galibi layin waya ake saka wa na'urar, ta kamo sabis daga turakun kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo. Idan sabis ya yi rauni, tsadar na'ura ba ta magani.

Matsaloli uku

Na farko shi ne sabis. Kamfanin MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel kuma a 2023, amma da manyan birane suka fara. Starlink, mai aiki da tauraron ɗan'adam, ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka.

Na biyu wutar lantarki. Na'urar ba ta cin wuta sosai, amma tana bukatarta a kowane lokaci, shi ya sa masu batir da masu aiki da hasken rana suka fi dacewa da yankin.

Na uku kuma tsada. Daga waje ake shigo da na'urorin, saboda haka faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashinsu. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kusan kashi 50 cikin ɗari.

Don haka ya kamata mai niyyar saye ya fara gwada ƙarfin sabis da wayarsa a ɗakin da zai ajiye na'urar. Ya kuma tambaya ko tana karɓar layin kowane kamfani, domin wasu a kulle suke da layi ɗaya tak.