Tuskegee: Shekara 40 Likitoci Suna Kallo, Tunjere Yana Cin Mutane

Wannan makon za mu leƙa jihar Alabama ta ƙasar Amurka, inda aka yi wata aika-aika da ba bindiga a cikinta, ba bam, sai farar riga da takardun asibiti.

A shekarar 1932, Hukumar Lafiyar Jama'a ta gwamnatin Amurka, da haɗin gwiwar kwalejin baƙaƙen fata ta Tuskegee, ta tara maza 600 a gundumar Macon. Dukkansu baƙaƙe ne, akasarinsu talakawan manoma masu noma gonar wani a raba amfani, da yawansu ko karatu ba su iya ba. Daga ciki 399 suna ɗauke da ciwon tunjere, 201 kuma lafiyarsu ƙalau, an ajiye su ne don kwatance. Manufar ita ce a ga abin da cutar za ta yi wa jikin baƙar fata idan aka ƙyale ta ba magani har mutuwa.

Ba wanda aka gaya wa haka. Ce musu aka yi suna da “mugun jini”, kuma gwamnati za ta yi musu magani kyauta. Ana ɗaukar su a mota zuwa asibiti, a ba su abinci ranar gwaji, ga alkawarin kuɗin jana'iza in dangi sun yarda a buɗe gawa a bincika. Ku tuna lokacin ne tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, mutumin da bai taɓa ganin likita ba a ce masa ga likita kyauta, me zai ce? Har ruwan ƙashin baya aka riƙa zuƙa musu da allura mai tsananin zafi, aka rubuta musu wasiƙa cewa wannan magani ne na musamman. Wadda ta riƙe amanarsu tsawon shekarun nan ma'aikaciyar jinya ce baƙar fata, Eunice Rivers, ta san gidan kowa, ta san iyalin kowa. Har yau ana gardama a kanta, wasu na cewa ita ma umarni take bi, wasu na cewa ba don ita ba da mutanen sun daɗe da watsewa.

A nan ne ni dai abin ya fi tsaya mini a rai. A farko wani zai iya fakewa da cewa maganin wancan zamani yana da guba kuma ba tabbas. To amma zuwa 1947 fenisilin ya riga ya zama sanannen maganin tunjere. Aka hana su. An raba sunayensu ga likitocin yankin don kada wani ya yi kuskuren yi musu magani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma, waɗanda aka kira aikin soja aka gano cutar a jikinsu, hukumar ta shiga ta fita har aka tsame su daga maganin. Kuma ba a ɓoye ake yi ba, ana buga sakamakon a mujallun likitoci, ana karantawa.

Wani ma'aikacin hukumar, Peter Buxtun, ya kai ƙorafi a 1966. A 1969 aka kafa kwamiti ya duba, kwamitin ya ce a ci gaba. Da ya gaji sai ya miƙa takardun ga 'yan jarida, Jean Heller ta kamfanin dillancin labarai na AP ta fasa ƙwan a watan Yulin 1972. Kafin nan mutum 28 tunjere ya kashe kai tsaye, 100 sun mutu ta dalilin larurorin da ya haifar, matan aure 40 sun kamu, an haifi yara 19 da cutar.

Gyara ɗaya, don na sha ganin ana yaɗawa: ba allurar cutar aka yi wa mutanen Tuskegee ba, suna da ita, magani aka hana su. Inda aka sa wa mutane cutar da gangan shi ne Gwatamala, tsakanin 1946 da 1948, kuma likitan da ya jagoranci wancan, John Cutler, daga baya ya yi aiki a na Tuskegee. Gaskiyar kaɗai ta isa muni, ba ta bukatar ƙari.

Mu da muka taso muna jin labarin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, ba sai an yi mana dogon bayani kan yadda irin wannan ke sa mutane gudun asibiti ba. Haka baƙaƙen Amurka da yawa suke ambaton Tuskegee duk lokacin da aka zo da sabuwar allura.

Lauya Fred Gray ya shigar da ƙara a 1973, gwamnati ta amince da biyan dala miliyan 10 a 1974, a shekarar kuma aka yi dokar da ta tsaurara sharuɗɗan gwaji a kan ɗan'adam. Neman gafara kuwa sai ranar 16 ga Mayu, 1997, daga bakin Shugaba Bill Clinton. Mutum 8 kacal suka rage a raye, 5 suka samu halarta a fadar White House. Na ƙarshensu, Ernest Hendon, ya rasu a 2004. Cikin likitocin da suka gudanar da aikin, ba ko ɗaya da aka gurfanar gaban kotu.