Yaron da ke riƙe da dokin Byron

A gidan tarihi na Tabley, a ƙasar Ingila, akwai wani zanen fenti da William Dobson ya yi wajajen shekarar 1643, lokacin da yaƙin basasa ya raba ƙasar gida biyu, har Sarki Charles na Ɗaya ya mai da fadarsa birnin Oxford. Mutum biyu ne a cikin zanen. Na farko John Byron ne, barden sarki. An san asalinsa, an san yaƙoƙinsa, har tabon da ke kuncinsa an san labarinsa. Na biyu wani yaro ne baƙar fata, yana riƙe da doki. Dobson ya zana fuskarsa, amma sunansa bai zo gare mu ba. A zamanin nan manyan Turawa sukan sa a zana bara ɗan Afirka a gefensu domin nuna arziki, kamar yadda ake nuna doki ko sulke.

Mu mutanen Gure muna da dalilin tsayawa a kan wannan yaro. A watan Disamba na 1852 Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a garinmu, babban birnin Muniyo, zamanin Muniyoma Koso, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe, Dorugu, ɗan yankin Kance, wanda aka kama bauta yana ƙarami, daga baya aka ƴanta shi. Barth ya kai shi Ingila a 1855.

Da Dorugu ma ya ƙare a gefen labarin wani, ba suna. Abin da ya cece shi, ya ba da tarihinsa da bakinsa, da Hausa, malamin mishan James Frederick Schön ya rubuta, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Albarkacin wannan rubutu muka san garinsu da iyayensa, muka san abin da idonsa ya gani a Landan. Ya rasu a Kano a 1912.

A akwatunan gidajenmu akwai tsofaffin hotunan kakanni da mayaƙa da ƴan makarantar farko, waɗanda tsoho ɗaya ko biyu kaɗai ke iya shaida su. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su zauna da tsofaffin nan tun suna raye, a rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto.