Azumin Da Maza Suka Shiga Kulle

Yau kam ba labarin soyayya na zo miki da shi ba, babu Alhaji babu kishiya, sai ki yi haƙuri da ni. Labari ne na abin da ya same mu a garin Kano cikin shekarar 2020, wanda da yawanmu mun gani da idanunmu, amma da yake ɗan Adam mai mantuwa ne har mun fara ba da shi kamar tatsuniya. Abin da ya tuno mini da shi kuwa, rannan ina kakkaɓar ƙarƙashin gado sai na ci karo da wani tsohon littafin makaranta na 'yata, wanda a bayansa na riƙa rubuta sunayen mutanen unguwarmu da suka rasu a wancan lokacin. Ni kaina ban san abin da ya sa na fara rubutawa ba, kawai dai na ga abin ya yi yawa ne har ina rikita gidan da na aika gaisuwa da wanda ban aika ba. Shafi biyu suka cika taf. Na zauna a bakin gado ina karantawa, har tuwona ya kusa kamawa.

Bari in fara daga farko. Cutar korona ta ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, muna jin ta a rediyo muna cewa Allah ya kyauta, don a ganinmu abin na can nesa ne. Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ita a Legas a jikin wani Bature ɗan Italiya. Ko a nan ɗin ma ba mu damu ba, wasu na cewa cutar masu hawa jirgin sama ce, wasu na cewa ai ba za ta iya da zafin ranar Kano ba. A cikin Maris aka rufe makarantu, yara suka dawo mana gida suna cinye abinci. Sai ran 11 ga Afrilu aka ce an samu mutum na farko a Kano. Kwana biyar bayan haka, daren 16 ga wata, dokar kulle ta gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta fara aiki, ba kasuwa, ba masallacin Juma'a, ba fita. Azumi kuma ya kama ran 24 ga watan.

To mu dai mata mun san kulle tun ba yau ba, har dariya muka riƙa yi a waya muna cewa yau maza su ma su ɗanɗana. Maigidana, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, kwana uku kacal ya yi a gida ya fara ƙirga tayil ɗin tsakar gida. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Wanda sai ya fita yake samun na cefane, mai tura baro, ɗan garuwa, mai Adaidaita Sahu, da macen da take soya ƙosai ko awara ta ba yara su kai bakin titi, duk ranar ɗaya aka toshe musu hanyar abinci.

Daga nan sai mutuwa ta shigo. Kusan kullum da asuba sai ka ji sallama a zaure, wane ya rasu, wance ta rasu, kuma yawanci dattawa ne, masu hawan jini da ciwon suga. Mu kanmu a gida sai da muka yi wani zazzaɓi mai karya gaɓoɓi, na yi kwanaki ina daka daddawa ba na jin warinta. Surukata, Allah ya jiƙanta, numfashi ne ya riƙa yi mata wuya cikin dare. Maigida ya samo mota da ƙyar, suka je asibiti biyu, ɗaya a rufe, ɗayan kuma aka leƙo ta taga aka ce a yi haƙuri ba a karɓar mai irin wannan ciwon. Ban ga laifin ma'aikatan sosai ba, don su ma ba su da kayan kare kansu, kuma suna da 'ya'ya. Suka dawo da ita gida, kafin azahar ta cika a ɗakinta. Babu wanda ya gwada ta, babu wanda ya rubuta abin da ya kashe ta.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya ki duba tare da ni. Wa ya fara sanin cewa mutuwa ta yi yawa a Kano? Masu haƙa kabari ne. Mutanen da ke riƙe da diga da shebur a maƙabartu irin su Dandolo da Gyaɗi-Gyaɗi, waɗanda yawancinsu da sadakar 'yan rakiya suke rayuwa, su ne suka ga aikin da suke yi a mako ya koma na yini guda, su ne suka faɗa wa 'yan jarida, daga nan duniya ta ji. Bayan su sai limaman unguwa masu sallar jana'iza, da masu sayar da likkafani, da tsofaffin matan nan masu wankan gawa waɗanda ba a taɓa kiran su taro ba. A daidai lokacin ne kuma ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai ne a jihar, ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, kuma wasu daga cikin 'yan kwamitin yaƙi da cutar na jiha su ma suka kamu. Wato sama ta yi duhu, ƙasa kuma tana gani amma ba ta da bakin faɗa. Da farko gwamnatin jiha ta ce mace-macen na hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ran 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ƙara wa Kano kulle na mako biyu, aka kuma turo tawagar likitoci daga Abuja ƙarƙashin Dokta Nasiru Sani Gwarzo.

Ni iyakar karatuna sakandare, amma ƙanena da ya karanta shari'a ya buɗe mini kundin tsarin mulki na 1999 ya nuna mini wurin da aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Wallahi sai da na riƙe baki. Kula da maƙabartu aikinta ne. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure, an rubuta mata. Kasuwanni da tashoshin mota nata ne, haka kwashe shara, sannan tana da hannu a kiwon lafiya, wato ƙananan asibitocin nan na sha-ka-tafi da muke zuwa awo da rigakafin yara. Ki duba fa, duk wuraren da annoba take bi ke nan. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta. Da a ce kowace maƙabarta akwai malami ɗaya da littafi da biro, yana rubuta suna da shekaru da unguwa da irin ciwon, yana kai wa sakatariya duk yamma, ai da tun makon farko an san inda aka dosa, ba sai an tsaya musu ba. Littafin da biron ba su kai kuɗin lemon da ake sha a taro ɗaya ba.

Abin haushin shi ne ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata takan ba mu labarin zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, lokacin da in an haihu ko an mutu ko baƙo ya sauka sai mai unguwa ya sani, shi ya gaya wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. Tana ba mu labarin duba-gari da ke shiga gida-gida suna leƙa randa da masai, da 'yan lamba masu tsaga dantse saboda agana, waɗanda in an hango su ake ɓoye yara a rumbu. Ba ta yabon zamanin gaba ɗaya, ta ce akwai duka akwai tara akwai cin zali, amma ta ce ciwo ba ya kwana uku a unguwa Sarki bai ji ba.

Kuma ba sai mun tafi can baya ba. Ina ƙarama aka yi sanƙarau na 1996, wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, aka cika asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano har ana kwantar da yara a ƙasa. A nan ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka ƙi rigakafin shan inna a 2003. To da me aka shawo kan jama'a daga baya? Da masu unguwanni da dagatai da hakimai da malamai, da matan nan masu hijabi da 'yar akwatin ƙanƙara da ke bi gida-gida suna rubutu da alli a jikin bango. Sun san kowane lungu, sun san gidan da ake kora da gidan da ake ba su ruwa. Da su aka kai ga nasarar da aka bayyana a watan Agusta na 2020 ɗin nan dai, cewa an raba Afirka da ƙwayar shan inna ta asali. Hanya tana nan a shimfiɗe, ba a dai yi saurin hawa kanta ba.

Daga ƙarshe ma ita ɗin aka bi. Da aka tashi gano gaskiyar mace-macen, gida-gida aka shiga ana tambayar iyalan mamatan yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Mu ma an zo mana. Mai unguwarmu ne ya yi sallama da wasu mata biyu masu takunkumi a fuska, ya ce da maigida, "Alhaji, haƙuri za ka yi, tambaya ce kawai a kan rasuwar Hajiya, a bar su su shiga wajen iyali." Na shimfiɗa musu tabarma. Babbar cikinsu ta ce, "Maman yara, ta yi tari? Numfashinta fa? Kwana nawa ta yi a kwance?" Ina ba su amsa ina hawaye, domin tun da ta rasu su ne mutanen hukuma na farko da suka tambayi yadda ta mutu. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamako, ya ce mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewayensa, lokacin da abin ya yi tsanani ana binne 43 a rana maimakon 11 da aka saba, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce ta jawo su. Fiye da rabi a gida suka cika, kamar surukata.

Sai maganar tallafi, wadda in na tuna har yanzu raina yake ɓaci. Gwamnatin jiha ta ce za ta raba abinci ga gidaje 300,000, za a fara da 50,000. A garin da ke da miliyoyin mutane, kin san wannan ɗigon ruwa ne a kan tukunya mai zafi. A layinmu an zo an rubuta sunaye har sau biyu, wata bazawara mai marayu biyar ta riƙa leƙowa kullum tana tambaya, shiru kake ji. Abin da ya riƙe ta shi ne kwanon da ke zagayawa ta kan katanga, wannan gida kunu, wancan gida ɗan wake, da kuma zakkar wasu attajirai da suka ba kwamitin masallaci ya raba cikin dare. Da aka sassauta dokar aka ce a fita ranakun Litinin da Alhamis na 'yan awoyi, sai gari duka ya ɗunguma kasuwa lokaci guda, ana gogayyar kafaɗa, cunkoson da ake gudu aka tara shi wuri ɗaya. Ni a ganina da kowace ƙaramar hukuma aka bar ta ta buɗe ƙananan kasuwannin unguwa bi da bi, da abin ya fi sauƙi. An kuma kafa kotunan tafi-da-gidanka masu cin tarar wanda ya karya doka, aka kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, wasunsu aka same su da cutar bayan sun isa.

Na taɓa tare kansilan mazaɓarmu a gidan suna bayan an buɗe gari a farkon Yuli, da yake ɗan ƙawar mahaifiyata ne ba na jin nauyinsa. Na ce, "Yaya, ina kuka shiga lokacin da muke binne iyayenmu?" Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo ya ce, "Ƙanwata, da me zan fito? Ko man babur ba a ba ni ba." Ban yarda da shi duka ba, don mai unguwarmu ma ba a ba shi ko sisi ba amma ƙafarsa ta taka kowane gida. Sai dai akwai gaskiya a maganarsa. A wancan lokacin kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke biyowa, ciyaman sai abin da aka sakar masa, kuma ba Kano kaɗai ba, haka abin yake kusan ko'ina. Sai ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Hukunci dai an yi shi a takarda, saura mu gani a asibitin sha-ka-tafi na bayan layinmu, wanda a 2021 can muka je muka yi layin allurar rigakafin korona a ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Shi kuwa littafin 'yar tawa, da na gama karantawa sai na aika yaro da shi wurin mai unguwa, na ce ko zai yi masa amfani. Da la'asar ya dawo mini da shi, ya ce Baba Mai Unguwa yana gaishe ni, ya ce in duba shafi na uku. Na buɗe sai na ga ya ƙara sunaye da rubutun ajami, na mutanen da ni ban ma ji rasuwarsu ba, har da wani tsoho mai gyaran takalmi da ke zama a bakin masallaci, wanda na daɗe ina zaton garinsu ya koma.