Zalika Souley: Tauraruwar Nijar Da Ta Riga Kannywood Fitowa

Idan ana hirar tarihin fim a ƙasar Hausa, yawancinmu kan fara ne daga Turmin Danya na shekarar 1990. Amma tun shekaru 24 kafin nan, wata yarinya 'yar birnin Yamai ta riga ta hau doki a gaban kyamara. Sunanta Zalika Souley, kuma ana lissafa ta cikin matan farko na Afirka kudu da Sahara da suka ɗauki fim sana'a.

An haife ta a 1947, lokacin Nijar tana hannun Faransa. Tana da shekara 19 ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane mai suna Le Retour d'un aventurier na 1966. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki bindiga suka addabi garinsu. Duk ɗalibin da ke shirin komawa gida da sababbin ɗabi'u ya kamata ya nemi wannan fim ya kalla.

Daga nan ta yi aiki da Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa da ya koyi fim a wajen Jean Rouch. Ta fito a Cabascabo, da Saïtane, da L'Exilé na 1980, da kuma Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar lambar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ta kuma fito a Aube noire na Djingarey Maïga a 1983.

Sai dai ɗaukakar ba ta zo mata a banza ba. Sau da yawa rawar mace marar kamun kai ake ba ta, jama'a kuma suka kasa raba wasa da gaskiya, suka ɗora mata halin da ta nuna a majigi. Ko sa wandon da take yi a lokacin abin tsegumi ne.

Bayan rasuwar Ganda a 1981, harkar fim a Nijar ta durƙushe. Lokacin da Rahmatou Keïta ta ɗauki tarihinta a fim ɗin Al'lèèssi na 2004, ta same ta ne a ɗan ƙaramin gida a Yamai, tana faɗi-tashin ciyar da 'ya'yanta. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau. Ta rasu a Yulin 2021.

Tsangwamar da Zalika ta sha ita ce 'yan matan Kannywood suka gada. Mu da muke karatu a waje, kusa da manyan ɗakunan karatu da na adana finafinai, nauyi ne a kanmu mu nemo ayyukanta, mu fassara, mu rubuta a kansu da Hausa. Allah ya jiƙanta da rahama.