Tamowa da Asalin Likita Mai Bincike a Jihar Maraɗi

Haɗa aikin duba marasa lafiya da binciken kimiyya a jihar Maraɗi ya samo tushe ne daga yunwar shekarar 2005, lokacin da, bayan fari da farin ɗango sun lalata geron damunar 2004, mata daga ƙasar Gidan Runji da Madarunfa da garuruwan da ke kan hanyar Cadawa zuwa Gazawa suka riƙa goyo 'ya'yansu zuwa cibiyoyin kula da tamowa, wato ramewar da rashin abinci mai gina jiki ke jawo wa yaro. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, kuma akasarinsu an yi musu magani ne a gidajen iyayensu da Plumpy'Nut, wani haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari wanda likitan Faransa André Briend ya taimaka wajen ƙirƙirowa a 1996.

Abin da ya mayar da wannan aikin agaji fagen ilimi shi ne rajista. Kowane yaro ana ɗora shi a kan sikeli, a auna tsayinsa, a naɗa masa tsiri mai launi a damtse, a danna bayan ƙafarsa da yatsa don a ga ko akwai kumburi, sannan a rubuta komai. Da waɗannan rubuce-rubuce suka taru, sai likitocin da ke cika su suka fara neman sanin ko za a iya tare cutar kafin ta kama yaro. A 2007 an raba wa yara kimanin 60,000 na gundumar Gidan Runji wani abincin rigakafi a watannin da rumbu ke ƙarewa, aka kuma wallafa sakamakon a 2009, shekarar da Epicentre, reshen binciken MSF, ya buɗe cibiyarsa a birnin Maraɗi.

Daga nan aka shiga gwaji na kwatanci, wanda a cikinsa ake raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa wasu maganin gaske, wasu kuma abin da ya yi kama da shi, ba tare da likita ko uwa sun san rabon kowa ba. Ta wannan hanya binciken da aka yi a Madarunfa, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa ba wa duk mai tamowa marar wata cuta maganin amoxicillin bai ƙara yawan masu warkewa ba, yayin da gwajin rigakafin gudawa mai jure zafi, wanda ya shafi jarirai fiye da 3,500, ya nuna a 2017 cewa yana hana kusan kashi biyu cikin uku na gudawar rotavirus mai tsanani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018.

Wannan tsari ya ɗora wa likita nauyi biyu, domin wanda ya duba yaro da safe shi ne zai nemi yardar uwarsa da Hausa, ya bayyana mata cewa tana da damar ƙi, ya kuma kai ƙa'idar binciken gaban kwamitin ɗa'a na ƙasa a Yamai. Kafin 2010 ɗan Maraɗi mai son zama likita sai ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni ko ƙasar waje, amma jami'ar da aka kafa a Maraɗi a wannan shekara, wadda daga baya ta ɗauki sunan Dan Dicko Dankoulodo, ta samu sashen kimiyyar lafiya, kuma ɗalibinta ba ya karɓar digirin likita sai ya kare kundin bincike a gaban malamansa.